Tsakanin Ajiya da Zubi

Ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aiki, ba a kuwa janye shi ba sai ranar 14 ga Oktoba. Ban kawo wannan don in fama tsohon miki ba, malamaina sun fi ni sanin dalilansu. Na kawo shi ne domin a cikin watannin nan takwas na tsinci kaina a wata sana'a wadda da can ko sunanta ban taɓa ji ba. Wani ɗan'uwana ne ya ba ni labari cewa wani ƙaramin kamfani a Kano yana gina manhajar waya ta adashi, suna kuwa neman wanda zai juya musu rubutun cikinta daga Turanci zuwa Hausa. Na ce a raina, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ɗalibin aji uku a Sashen Hausa, wanda ya ci darasin fassara da sakamako mai kyau, me zai gagare shi a cikin kalmomin da ba su wuce ɗari uku ba?

Mutum tara na tarar a kamfanin. Akwai maigidan wurin, da injiniyoyi huɗu masu harhaɗa manhajar, da wata yarinya mai amsa koke-koken jama'a, sa'an nan da masu zayyana guda uku. Ya kamata in ɗan tsaya a kan waɗannan na ƙarshe, domin ni kaina da farko na ɗauka aikinsu shi ne zaɓen launi da ƙawata hoto. Ashe su ne ke yanke shawarar abin da mutum zai fara gani in ya buɗe waya, da inda babban yatsansa zai sauka, da yawan matakan da zai bi kafin kuɗi ya bar hannunsa, da abin da za a gaya masa in sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki. Shugabarsu wata mata ce haifaffiyar Sabon Gari, iyayenta mutanen Ogbomosho, ta yi shekaru tana wannan aiki a unguwar Yaba ta Legas kafin ta dawo gida. Hausarta ta kasuwa ce, wani lokaci takan ce wa mace "ya zo", amma kunnenta ya fi na yawancinmu kaifi. Muna ce mata Anti. Ita kuwa tun ranar farko ta laƙaba mini Malam, rabi girmamawa rabi zolaya.

Na roƙi a ba ni jerin kalmomin in tafi da su gida in kawo bayan kwana uku. Ta ce sam. Ta jawo kujera kusa da tata, ta buɗe mini Figma, watau manhajar nan da aka fitar wa jama'a a 2016, wadda mutane da yawa kan taru a kan allo guda kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke zanawa. Ta ce, "Malam, kalma a takarda tana da fili. A kan maɓalli kuwa ba ta da shi, ga wanda zai danna ta yana sauri. A nan za ka zauna."

Kowace ranar Alhamis da hantsi akwai zaman duba aiki. Wanda ya yi zane zai haska shi a bango, ya faɗi matsalar da yake son warwarewa, daga nan sai ya yi shiru ya saurara, ba shi da damar kare kansa sai an gama zagaye. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsarin magana. Mafi ƙanƙanta a wurin shi ke fara tsokaci, a bi a hankali zuwa sama, Anti ce ta ƙarshe, wani lokaci ma ba ta cewa komai sai ta karanto abin da aka faɗa ta tambayi mai zanen wanne zai ɗauka. Ni ne kuwa mafi ƙanƙanta. Mai karatu ya san yadda aka rene mu: yaro ba ya riga babba magana, balle ya ce aikin babba da gyara. Ko a zauren gabatar da maƙala na sashe, mu ɗalibai mukan jira mu ga inda malamai suka karkata kafin mu gyaɗa kai. Mako uku ina cewa, "Ya yi kyau." A na huɗu Anti ta ce in dai "ya yi kyau" za a riƙa biyana albashi a kai, to, gara ta naɗi muryata ta huta.

Abin da ya buɗe mini baki shi ne haruffan nan namu masu lanƙwasa. Salon rubutun da aka zaɓa wa manhajar ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka a wasu tsofaffin wayoyi sai ɗan akwati ya fito a madadinsu. Injiniyoyi suka ce a zubar da lanƙwasar kawai, ai kowa haka yake rubutu a WhatsApp, kuma ana ganewa. Gaskiyarsu ta wani fannin, domin ba wanda zai ga "kudi" ya ruɗe. Amma na nuna musu cewa a manhajar kuɗi akwai "kasa" akwai "ƙasa", akwai "kari" akwai "ƙari", ba kuwa wurin da za a bar mutum yana cinke ba ne. Anti ba ta goyi bayana nan take ba. Sai ta tambayi injiniyoyi nawa ne nauyin da canjin zai ƙara wa manhajar, ta tambaye ni kalmomi nawa abin ya shafa, ta sa muka auna tare. Daga ƙarshe aka koma kan Noto, salon rubutun da kamfanin Google ya ɗauki nauyinsa musamman don kawar da irin waɗannan akwatuna daga harsunan duniya. Ranar na koma gida kamar an naɗa ni sarauta.

A lokacin nakan kwatanta aikin nan da ɗinkin babbar riga, domin ina da kawu a birnin Zariya wanda sana'arsa ke nan. Can ma akwai mai zane, wanda zai shata aska biyu ko aska takwas a kan ƙyalle, sa'an nan masu allura su bi sawunsa wata da watanni, kowa na zaune a zaure ɗaya yana leƙen hannun ɗan'uwansa. Kwatancin ya yi, amma yana da iyaka. Kawuna ya san wanda zai sa rigar, ya ga tsawonsa, in wuya ya matse zai dawo da ita ya faɗa masa a ido. Mai zayyana manhaja kuwa yana yi wa dubban mutane aiki waɗanda ba zai taɓa gani ba, in abu ya dame su ba za su dawo ba, sai su goge ta daga waya su yi gaba, ko kuwa, abin da ya fi muni, su ɗauka su ne ba su da kai. Wani masani Ba'amurke, Don Norman, ya yi littafi a 1988 a kan wannan, inda ya kawo misalin ƙofar da mutum zai tura alhali ja ake yi, ya nuna cewa laifin na wanda ya ƙera marikinta ne. Rabin shugabancin Anti, a ganina, shi ne tilasta mana ganin mutanen da ba ma gani.

Hanyar kuwa ita ce gwaji. Kafin a rubuta komai a kwamfuta, mukan zana fuskokin wayar a kan katin takarda mu kai wa masu sana'a, mu ce, "Ga shi, a nuna mana yadda za a yi zubin yau." Wani abokin aikin Norman, Jakob Nielsen, ya bayyana a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin zane, a gyara, a sake neman wasu biyar. Mun bi wannan, amma sai da muka yi masa kwaskwarima. Masanan can suna son mai gwaji ya riƙa faɗin abin da ke ransa da ƙarfi yana dannawa. Bahaushiya kuwa, baƙo ya zo gidanta da abinsa, ta shimfiɗa masa tabarma ta ba shi ruwa, ta yaya za ta dube shi ta ce abin nasa bai yi ba? Kara ba za ta bari ba. Sai Anti ta koya mana mu bar sauraron baki mu dubi yatsa: inda ya yi jinkiri, inda ya kai ya dawo, da lokacin da mai wayar ta ɗaga kai tana neman yaro ya zo ya taimaka. Ban da wannan, gidaje da yawa ba shiga ne, don haka dole mace ta jagoranci tafiyar, mu maza mu tsaya a zaure mu jira labari. Ba a rubuta wannan a littattafan da take karantawa ba, a ƙafa ta koye shi.

Da aka koma makaranta na ci gaba da zuwa ranakun Alhamis da Asabar. A watan Oktoban nan ne Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, ba a kuwa sami sauƙi ba sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris. Duk wanda ya ga layukan bankuna a lokacin bai manta ba. Tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, masu adashi suka rasa abin zubawa a hannu, sai ga su suna tururuwa zuwa waya. Maigidanmu ya ga kasuwa ta buɗe, ya ce lalle a fitar da sabon sashen zubin yau da kullum cikin mako guda. Anti ta nemi kwana huɗu na gwaji, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ta sakar masa.

A fuskar wayar da ake magana akwai maɓallai biyu. Ɗaya na adana bayanin zubi ne, don kada mutum ya sake rubuta adadi gobe, ɗaya kuwa shi ke fitar da kuɗi daga asusu ya kai wa adashi. Kalmar Turanci ta na farko ita ce wadda samari ke kira "sebin". Na duba ƙamus, na rubuta "Ajiye". Na biyun na sa masa "Ci gaba". In aka danna na farko sai koren alama ta fito tare da saƙo, "An ajiye." Ba kuskure ko ɗaya a nahawu, kuma da a jarrabawa ne da na ci.

Bayan kwana goma sai wata uwar adashi ta kira ofis tana faɗa. Ƙungiyarta mata goma ne, kowace na zuba naira 1,000 kullum, a kwashe naira 100,000 duk kwana goma. Kwasar wannan karon ta wata dattijuwa ce mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da lokacin lissafi ya yi, manhaja ta ga ba ta zuba ko sisi ba, ta tsallake ta, ta mayar da sunanta ƙarshen layi, sa'an nan ta aika wa sauran matan tara saƙo cewa wance ta kasa zubi. Da muka bincika sai muka ga kowace safiya, kwana goma cur, an buɗe wayarta an danna "Ajiye". Kuɗinta na nan a asusunta ba abin da ya taɓa shi. Ba kuwa ita kaɗai ce ta faɗa ramin ba.

Aka kira taron gaggawa. Maigida ya haska fuskar wayar a bango ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Ban taɓa jin gumi ya karyo mini irin na ranar ba. Kafin in buɗe baki Anti ta ce, "Malam ne ya rubuta, ni na duba na sa hannu, ni kuma na yarda aka fitar ba gwaji. In ana neman mutum ɗaya, ga ni." Sa'an nan ta tashi ta bi abin daki-daki a kan allo. Maɓallan biyu girmansu ɗaya, wannan zanen abokin aikinta ne. Koren alamar irin wadda ake gani ce bayan an biya kuɗi, wannan injiniya ne ya ɗauko ta don sauƙi. Dokar shelanta sunan wanda ya makara kuwa maigida ne da kansa ya nace a kanta, wai don ta sa mutane tsoron saɓa alkawari. Ta faɗi wannan na ƙarshe da murya ɗaya da sauran, ba ta sassauta ba, ba ta kuma ɗaga ba. Ɗakin ya yi tsit.

Na daɗe ina ɗaukar abin da ta yi a matsayin rufin asiri, irin wanda uwar ɗaki kan yi wa yaronta. Yanzu ina ganin lissafi ne kawai ta yi daidai. Da an kore ni a ranar, da an canja kalma guda an bar sauran ramukan uku suna jiran wani. Ba ta kuwa ƙyale ni ba. Muna cikin a-daidaita-sahu za mu gidan dattijuwar, ta juyo ta ce, "Malam, ka taɓa yin adashi?" Na ce ban taɓa ba, amma mahaifiyata uwar adashi ce, tun ina ɗan shekara bakwai ni ake aika gida-gida karɓo kuɗi. Ta ce, "In ka shiga gida me kake cewa?" Na ce, "Wai a ba da zubi." Ba ta ƙara magana ba har muka isa.

Dattijuwar ta yarda na shiga, ta ce ai jikanta ne. Muka durƙusa muka gaishe ta. Tana karanta ajami sarai, amma boko sai jikarta 'yar aji biyar ce ke karanta mata. Na ce, "Baba, mun zo ba da haƙuri ne, laifin namu ne." Ta ce, "Ɗan nan, mun nemi inda aka ce zuba ba mu gani ba. Muka ga ajiye, muka ce to, wataƙila su 'yan boko haka suke faɗa. Ɗayan kuwa an ce ci gaba. Ci gaba zuwa ina?" Ta yi niyyar sayen gyaɗa da kuɗin kafin azumi ya matso ta yi tsada, amma ba wannan ya hana ta barci ba. Ta ce shekara ashirin tana adashi ba a taɓa aiko yaro sau biyu ƙofarta ba, yau ga waya ta kira sunanta a gaban ƙawayenta.

Na san kalmar zubi kamar yadda na san sunana. Abin da ya hana ni rubuta ta shi ne, can cikin raina, na ɗauka kalmar tsakar gida ce, ba ta kai ta hau allon waya ba, sai wadda ta fito daga ƙamus. Alhali shi Bargery da muke tinƙaho da ƙamusunsa na 1934, ya shafe fiye da shekara goma yana yawo gari-gari yana tsintar kalmomi daga bakin mutane irin wannan tsohuwa.

Gyaran bai ɗauki kwana biyu ba. Babban maɓalli ya koma "Zuba naira 1,000 yanzu", ɗayan ya zama ƙaramin rubutu a ƙasa. Saƙon makara kuwa mai shi kaɗai yake zuwa wa, sai bayan kwana biyu a sanar da uwar adashi, ita ta san yadda za ta yi da mutanenta. Wurin da aka sha daga shi ne wanke sunan dattijuwar. Maigida ya so a mayar mata da kwasarta shiru, don kada labari ya bazu. Anti ta ce a gaban mata tara aka ɓata ta, a gabansu za a wanke ta. Ta sa uwar adashi ta tara su, ta tsaya da Hausarta ta Sabon Gari ta yi bayani, ni kuma na fassara inda ta sarƙe.

Akwai wani taro da masu wannan sana'a kan yi ranar Asabar ta ƙarshen wata a wani ɗaki na aro, mutane daga kamfanoni dabam-dabam, har da waɗanda ke gasa da juna a kasuwa. Anti ta sa sunana cikin masu magana ba tare da ta shawarce ni ba, abin da har yau nake ganin ba ta kyauta ba, domin tana da wannan hali na yanke wa mutum abin da take ganin zai amfane shi. Na tashi ƙafafuna na rawa na ba da labarin "Ajiye". Ina gamawa wani saurayi da ke aikin manhajar dillalan taki ya ce su ma sun yi watanni suna rubuta "oda" inda manoma ke cewa "sari". Wata ta kawo nata, wani ya kawo nasa. Kafin a watse muka buɗe kundi guda na kalmomi wanda kowa zai iya zubawa ya ɗiba, da sharaɗin ba a shigar da kalma sai an faɗi a bakin wa aka ji ta, da kuma ko an gwada ta a waya. Abin da na lura da shi a ɗakin, ya kuwa dame ni, shi ne cikin mutum wajen arba'in ni kaɗai na fito daga sashen harshe. Sauran masu ilmin kwamfuta ne da zane, suna ta fama da matsalolin da mu muke rubuta jarrabawa a kansu, mu kuwa ba mu ma san ana neman mu ba.

A 2024 Anti ta sami aiki a Kanada ta tafi. Wanda ya gaje ta ya fi ta iya zane nesa ba kusa ba, mutumin kirki ne kuma. Sai dai ranar Alhamis shi yake fara magana, domin yakan hango gyara tun kafin a gama haska aikin, ba ya iya haƙuri. Cikin 'yan makonni na ji sabuwar yarinyar da aka ɗauka tana cewa, "Ya yi kyau." Na yi wata biyu ina taunar maganar kafin na same shi shi kaɗai bayan sallar Azahar na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce bai lura ba. Yanzu wata Alhamis yakan tuna, wata ya manta.

Kundin kalmomin yana nan yana ƙaruwa, daga cikinsa ma na ciro batun kundin digirina, watau kalmomin adashi a bakin matan Kano. Akwai gurbi guda da har yanzu ba mu cike ba: me za a rubuta wa mutum in kuɗi ya bar asusunsa amma bai isa wurin mai karɓa ba tukuna? Mun gwada "ana jira", mutane suka ɗauka su ake jira su yi wani abu. Mun gwada "bai kammala ba", suka sake turawa, kuɗi ya fita sau biyu. Da na kai wa dattijuwar gaisuwar Sallah na tambaye ta, ta ce in ta aiki yaro da mai, mai saye ya ƙagu, cewa take, "Yana tafe." Na rubuta shi a katin takarda, Asabar mai zuwa za mu kai shi kasuwar Rimi mu ga yadda yatsu za su yi da shi.